Cikin Kakata na Wata Goma Sha Huɗu

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa nake sayarwa a Magariya, kuma a wurin kakata ta wajen uwa na gaji sana'ar. Labarin nan daga bakinta na ji shi, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

Lokacin babban yaƙin Nasara, Faransawa suka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi. Yadi ya yi wuya, har likkafani sai an yi fama. An ɗauke kakana soja, ya bar ta da 'ya'ya biyu da ragowar hatsi kaɗan a rumbu. Sai ta riƙa kai ƙuli-ƙuli kasuwar tsallake, ta sayo yadin akoko da alawayyo, ta naɗe su a cikinta, ta ɗaura zane a kai. Ta tafi siririya ta wata hanya, ta dawo da tsohon ciki ta gaban gardi mai tsaron iyaka. Wanda aka kama da yadi, ƙwacewa ake yi, jarinta kuwa ke nan duka. Amma babu namijin da zai taɓa mai ciki.

Kuskurenta ɗaya, ta manta ciki yana da wa'adi. Rannan gardin, wani dattijo mai jar dara, ya tare ta.

"Baiwar Allah, tun shukar bara nake ganin cikin nan. Yau wata goma sha huɗu. Raƙuma ma da ta sauka."

Sai ta dafa ƙugu ta ce, "Kwantacce ne, Baba. Ya ce sai ubansa ya dawo."

A ƙasarmu kowa ya san ciki yakan kwanta shekara da shekaru. Gardi ya jinjina kai, ya ce gwaggonsa ma nata sai da ya shekara uku. Har ruwa ya ba ta.

Da aka buɗe iyaka, kakana ya dawo, ta wuce ta gaban gardin ba ciki ba goyo.

"An sauka lafiya? Me aka samu?"

"Mace, Baba. Fara tas."

"Allah ya raya. Matata kuwa kamu shida take ɗaurawa."

Kasuwa ta gaba ta kai masa farin yadi kamu bakwai. Ta ce mini ɗayan ladan ruwa ne.