Tarin Ƙarfen da Na Yi wa Wanka

Ni jikar maƙera ce. Ban taɓa shiga aji ba, amma ƙarfe kam babu mai koya min. Haka nake faɗa har bara.

A Zandam na tashi, a hannun kakata Delu. In an idar da magariba sai ta tara mu bakin murhu, tana gasa mana gyaɗa a toka. Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta yarinyar da sarkin maƙera ya jibge wa tarin ƙarfe, duk hayaƙi ya baƙanta shi, ya ce ta ware tagulla daga baƙin ƙarfe ko ya kori ubanta daga maƙera. Yarinya ta ja tarin ƙarƙashin indararo, ruwa ya yi ta dukansa kwana bakwai. Baƙin ƙarfe ya yi ja da tsatsa, tagulla ta yi kore, ta tsince abinta.

"Sai me, Kaka?"

Wata rana ta ce sarki ya ba yarinyar saniya. Wata rana kuma ta ce korar su ya yi, don tsatsa ta ci masa ƙarfe. In muka ce ba haka ta faɗa jiya ba, sai ta ce, "Kuna wurin ne, ja'irai? Ku ci gyaɗarku."

Bara ɗana Sani, mai sana'ar gwangwan a Birnin Kudu, ya zuba tarin tsofaffin ƙarafa a tsakar gidanmu, mota za ta zo daga Kano ta kwasa, sai ya tare a asibiti jinyar surukinsa. Na ce bari in nuna wa yaron nan gadon gidanmu. Safe da yamma ina kwarara wa tarin ruwa, mako guda cur. Wani ya yi ja, wani yana nan fari tas, kore kuwa ko ɗigo ban gani ba.

Sani ya dawo ya dafe kai. "Inna, wa ya ce ki yi wa ƙarfe wanka?"

"Kakata."

"Allah ya gafarta mata. Yanzu mai saye zai ce ruɓaɓɓe na tara."

Ya ɓalle maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika yana bin kayan da shi. Wanda ya manne, ƙarfe. Wanda ya ƙi, ya kankare da wuƙa ya duba. Na zaro wata waya ja zur, na ce wannan dai tagulla ce, a kaina. Ya miƙo abin nasa, waya ta yi tsalle ta manne.

"Shafe ne, Inna. Cikinta ƙarfe."

Mota ta zo ta ɗauki rabi, ta bar mana rabi.

Har yau ban gane ba, haƙuri Kaka ke koya mana ko gargaɗi take, ko ita ma haka ta ji? Munduwar da ta bar min tana hannuna, kowa ya san tagulla ce. Maganaɗisun Sani na rataye a ƙofar zaure. In zan fita, sai in mayar da hannun nan baya.