Dambun Inna Hajo a Kular Jini

Bungudu zuwa Gusau

Ƙarfe biyar da rabi na fito daga gida, ana sallame sallar asuba, rungume da kula mai ƙanƙara da kwalabe goma sha biyu. Ni ɗaliba ce, ina binciken ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda kan tayar da kumburi da tari idan ƙaiƙayin gero ya taɓa mutum, su kuma taimaka wajen warkewar fata. Jinin masu sussuka nake nema, kuma dole a ɗiba suna cikin aikin. Ranar ce ta ƙarshen sussuka a Kucheri. In na rasa, sai baɗi.

Shida da kwata muna tashar Gusau. Direban motar Tsafe ya ce, "Hajiya, abincin biki ne? A ɗan buɗe mana." Na ce masa ya ja motarsa, ba na son surutu da safe.

Tsafe

Shingen jami'an tsaro uku muka wuce. A na ƙarshe soja ya buɗe kular, ya ga allurai, ya karanta takardata har sau biyu. Takwas saura muka shiga Tsafe, na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau wata motar.

Kucheri

Gidan Inna Hajo na sauka, dattijuwar da ta shawo mini kan mutanen, domin ɗanta Garba duk kaka idanunsa kumbura suke yi har su rufe. Shi ya fara miƙo hannu, sauran suka biyo baya. Sha ɗaya na gama, na jera kwalaben, na rufe kular, na ajiye a ɗakinta na zagaya wanke hannu.

Da zan tafi ita ta ɗauko mini kular har bakin titi. Na ji ta yi nauyi, na ɗauka gajiya ce.

"Ɗiyata, ki kai shi lafiya," in ji ta.

Gusau

Ɗaya da minti ashirin na shiga ɗakin gwaji. Ina ɗaga murfi tururi ya bugi fuskata. Innalillahi! Ƙanƙara babu ko ɗaya. Kwanon dambu ne mai zafi, an naɗe shi da tsumma, an zaunar da shi daram a kan kwalabena. Na zauna a ƙasa.

Ai a gidajenmu ba a barin baƙo ya tafi hannu sake, kuma kula wurin abinci ce. Inna Hajo ta ga ƙanƙara za ta sanyaya mini dambu, ta kwashe. Ni da bakina ban taɓa gaya mata kada a buɗe ba.

Na duba kwalba bayan kwalba a madubin gwaji. Ƙwayoyin duk sun mutu, har na Garba.

Gida

Bayan la'asar na isa Bungudu. Ina cire takalmi wayata ta yi ƙara, Garba ne, ya miƙa wa Inna.

"Ɗiyata, kin sauka lafiya? Jinin Garba ya nuna wani abu?"

Na ce sai mun sake ɗiba baɗi, in Allah ya kai mu.

"To, dambun fa? Ya isa da zafinai?"

Hawaye na zubo mini na ce, "Da zafinsa ya iso, Inna. Na gode, Allah ya saka da alheri."