Silen Azurfar Da Abokina Ya Ba Ni Amana

Assalamu alaikum Edita. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ajingi, kuma lokacin da abin nan ya same ni saurayi ne mai ƙarfi a jika, wanda noman gandun gidansu ya fara gundurarsa. Da ni da wani abokina ɗan Gafasa muka bi hanyar Agadas muka shiga Libiya neman aikin gini. Shi magini ne, ni ina kwaɓa masa siminti. Ya bar mahaifiya da mata da jaririya, ni kuwa ko aure ban yi ba.

Akwai wani dattijon Balarabe da muka yi wa katanga a wani gari na bakin teku. Ya ji daɗin aikin abokina, ranar da muka gama ya shiga ɗaki ya fito masa da wani tsohon sile, ya yi baƙi-baƙi, bai ma cika kewaye ba. Gefe ɗaya hoton jirgin ruwa ne, ɗaya gefen mutum a kan keken doki, da wani rubutu da ba Larabci ba, ba boko ba. Ya ce azurfa ce ta Finikiyawa, wasu fataken teku da suka zauna a gaɓar tun kafin zuwan Annabi Isa, kuma masu tara kayan tarihi suna neman irinta ido rufe. Abokina ya ɗinke silen a cikin ƙugun wandonsa. Kullum zancensa idan mun koma zai sayar ya yi wa Inna ɗakin bulo, haka yake kiran mahaifiyarsa.

Allah bai nufa ya koma ba. Zazzaɓi ya kama shi, ga mu ba takardu, asibiti ba ya shiguwa. Da ya ga jikin ya ƙi, ya sa na farke ɗinkin, ya damƙa mini silen, ya ce amana ce, hannun Inna zan sa shi. Daga ni sai shi a ɗakin. Bayan mun binne shi na kasa zama, na tattara na dawo gida.

Na kai amanar kamar yadda ya ce. Sai dai da na ga yadda tsohuwar nan take kuka, bakina ya zarce. Na ce mata ɗanta bai tafi ya bar ta haka ba, wannan abin kaɗai zai riƙe ta ya riƙe jikarta. Na maimaita duk abin da Balaraben ya faɗa kamar ni na gani da idona, a gaban 'yan zaman makoki, kuma kafin sati labari ya zagaye ƙauyen.

Ƙanin mahaifin marigayin, wanda su duka suke kira Baffa, shi ya karɓi silen ya kai wa wani maƙerin fari a kasuwar Gaya. Maƙerin ya goga shi a dutse, ya ɗan ci gefensa da magagari, sai ga jan ƙarfe ya leƙo a ƙarƙashin farin. Ya ce wa Baffa shi bai san tarihi ba, amma wannan ruwan azurfa kawai aka yi masa. Baffa bai koma gida ba, gidanmu ya zarce. A ƙofar gida, gaban mahaifina da maƙwabta, ya ce na ɓoye na gaskiya na kawo musu na bogi, na ci amanar mamaci, na ci ta marainiya. Na rantse, na sake rantsewa, ya ce in kawo wanda ya ga lokacin da aka ba ni. Ba ni da kowa.

Damina guda na yi a cikin wannan hali. Da na dawo na sayi tsohon babur ina kai mutane Gaya da Kademi, matan ƙauye suna ba ni saƙon cefane. Saƙon ya tsaya cak. Idan na zo majalisa sai hira ta mutu. Gidan da aka fara nema mini aure suka aiko cewa a dakata tukuna. Wanda ya fi ci mini rai mahaifina ne. Wata rana muna noman gero ya ajiye fartanya, bai dube ni ba, ya ce idan shaiɗan ya rinjaye ni in faɗa masa shi kaɗai, zai san yadda zai rufa mini asiri. Na ci gaba da noma hawaye na zuba.

Da maganar ta kai gaban mai gari, ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da babu wanda ya san shi a cikinmu ba. Ya haɗa ni da Baffa muka tafi Kano wajen wani malamin tarihi a jami'a. Matar marigayin ta aiko a ba mu wayarta, ta ce mijinta ya taɓa turo mata hoton silen tun yana da lafiya, ta nuna wa Baffa tun farko ya ce hoto ba shaida ba ne.

Malamin ya ɗora silen a ɗan sikeli, ya ce bai kai nauyin irinsa ba. Ya sa gilashi mai ƙara girma ya nuna mana wani siririn layi da ya zagaye bakinsa, da 'yan ramuka kamar na kumfa. Ya ce mutanen wancan zamanin buga kuɗinsu suke yi da guduma, wannan kuwa narka ƙarfe aka yi aka zuba a mazubi, irin wanda ake sayar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido. Mai yiwuwa Balaraben ma bai sani ba. Sannan ya buɗe hoton ya faɗaɗa shi. Akwai wata tsaga a saman jirgin da wani ɗan lotsawa a gefe, ga su a hoton, ga su a silen da ke tafin hannunsa. Ya dubi Baffa ya ce abin da yaron nan ya kawo shi aka ba shi, tun asali ne ba na gaskiya ba.

Na zaci zan yi murna, amma ban yi ba. Baffa kuwa har yau bai ce in yafe masa ba. Ni na je na gaya wa Inna. Ta tambaye ni ko ɗanta ya san na bogi ne kafin ya rasu. Na ce bai sani ba. Ta ce to alhamdu lillahi, ya tafi da farin cikinsa. Ɗakin bulo dai ba a yi ba, jikarta tana hannun dangin uwa. Mai gari ya wanke ni a bainar jama'a, amma akwai waɗanda har gobe suke cewa da malamin muka haɗa baki, kuma auren nan bai yiwu ba.

Abin da na koya, ban ci amana ba, amma na yi wa tsohuwa alkawarin da ba nawa ba ne, na faɗi darajar abin da ban san kansa ba. Da na miƙa na ce ga abin da ɗanki ya bari, Allah ne ya san ko mene ne, da babu wanda zai sa rai balle ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. 'Yan'uwana masu tafiya ci-rani, idan aka ba ku amana ku nemi shaida ko da mutum ɗaya ne, ku ɗauki hoto tare da mai ita. Idan kun kawo, ku miƙa ku yi shiru a kan abin da ba ku da iliminsa. Allah ya jiƙan abokina, ya raya abin da ya bari.