Hoton da Babu Garba Homa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Garba Homa, kuma da ana mayar da rana baya, yini ɗaya tak zan roƙa: yinin da na hana shi shiga hoton kofin da shi ya ci mana.

Ni ne sakataren ƙaramin kulob ɗinmu na ƙwallo a Argungu. Ba don ilimi aka ba ni ba, firamare kawai na gama, amma ina da biro da baki. Garba shi ne golanmu, masunci daga Gulma. Homa ita ce ragar hannu da masunta ke shiga ruwa da ita, kuma an laƙaba masa sunan ne don abin da ya shiga hannunsa ba ya fita. Daga gulbi yake zuwa fili, wandonsa bai gama bushewa ba.

A shekarar da muka ɗauki kofin ƙananan kulob, duk inda muka je sai a tarbe mu da kirari ɗaya: masu ƙarnin kifi. Garba dariya yake yi, ya ce, "Ku matso ku shaƙa, kyauta ne." Ni kuwa abin yana ci mini rai. Ina son a ɗauke mu mutanen birni.

Wasan ƙarshe a Birnin Kebbi aka yi. Garba ya tare fanareti, muka yi nasara. Da mai hoto ya zo, manya suka jeru da manyan riguna, sai na dubi ƙafafun Garba duk faso, na tuna da kirarin nan. Na ce ya cire rigar gola ya ba golanmu na biyu, wanda bai taɓa ƙwallo ba duk kakar, ya tafi ya tsare mana mota.

Ya dube ni ya ce, "Sakatare, mi na yi?"

Na ce, "Ba ka yi komi ba, kaya dai nika tsoron a ɗauke."

Ya cire, ya miƙa, ya tafi. Muka ci gaba da gaisawa shekaru da yawa, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba, har na bi gawarsa.

Ban san me zai ce ba da ya ga yau. Rabin filinmu ya zama shaguna. Samari suna gidan kallo, sun haddace sunayen 'yan wasan Turai. Kifin da na ji kunyarsa kuwa, shi ne baƙi ke tahowa daga nesa su kalla, kuma da shi aka san garin tun kakanninmu Kabawa. Ina jin dariyar nan tasa kawai zai yi.

Watan jiya 'yarsa Luba, da ke koyarwa a Nasarawa, ta zo gidana. Wani ya sa tsohon hoton a waya, ana ta yaɗawa, an rubuta sunan wancan golan na biyu a matsayin golan da ya ci kofi. Ta ce, "Baba, yarana sun ce ƙarya nika musu. Don Allah, mahaifina ya buga ko bai buga ba?"

Na ce ya buga. Ta ce, "To, ina shi a nan?" Na kama wata maganar daban har ta tashi.

Luba, ga amsarki. Yana bakin mota, ba riga, yana tsaron jakunkunanmu, kuma ni na tura shi. Kofin ya ɓace, mu da muka rage ba mu kai yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ya saura na Garba shi ne wannan shaidar, kuma na ba da ita. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.

Ku da ke karantawa, ina roƙonku: in za a ɗauki hoto, wanda ya yi aikin, kada ku tura shi tsaron mota.