Jinin da ke Rigar Wada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Ustaz Elsadig Yahya a nan Gadarif, bayan kwana biyu yana amai da gudawa. A bakin mai shayi na ji, ina kan hanyar zuwa wurinsa.

Ustaz, karatuna bai wuce aji huɗu ba, ka yi haƙuri da rubutun.

Ba ka san mu ba sai da aka kama yayana Wada. An tsinci gawar wani lebura a gonar riɗi a Simsim, aka ga jini a rigar Wada. Shi kuwa bunsuru ya yanka na karama, wato sadaka, da safen, kamar yadda ake yi kafin a sa lauje a gona. Da bolis, 'yan sanda, suka nuna jinin, sai ya ce da Larabcinsa na gona, "Ni na yanka shi." Bunsurun yake nufi. Suka rubuta ya amsa laifi.

Kai likitan gwajin jini ne, yaƙi ya koro ka daga Khartum, da iyalinka da 'yan kwalaben aikinka cikin kular ƙanƙara. Da aka kawo maka rigar, kai kaɗai ka tambaye ni da Hausa, "Ya Husain, wa ya yanka?" Na ce bunsuru. Ka yi dariya har ka cire tabarau, sannan dariyar ta tsaya.

Ka zaunar da ni a ma'amal, ɗakin gwajinku, ka nuna mini wani ruwa da aka samo daga jinin zomo. Ka ce ruwan nan jinin ɗan Adam kawai ya sani: in ya gamu da shi farin layi zai fito, in na dabba ne shiru. Ka jiƙa ƙyallen rigar, ka ɗiga, muka jira. Shiru. Na miƙe zan yi murna, ka ce, "Zauna, ya zol, bawan Allah. Wa ya ce maka ruwan bai mutu da zafi ba?" Sai ka soki yatsanka, ka gwada naka jinin. Layin ya fito fari tas, na gani da idona.

Ka ce sai ka maimaita ranar Alhamis kafin ka sa hannu, domin ran mutum ba a yi masa gwaji ɗaya. Na so in roƙe ka ka rubuta a ranar. Kunya ta hana ni.

Ba ka kai Alhamis ba. Kwana uku babu wuta, babu wanda ya tuna ya sayo ƙanƙara. Wanda ya gaji kujerarka ya ɗaga kwalbar ruwan gwajin ya ce ta lalace, kuma babu hanyar kawo wata. Na tambaye shi takardar gwajin da ka yi, ya duba ko'ina, bai ga komai ba.

Lahadi za a shiga da Wada gaban alƙali. Innarmu na tambayata me likita ya ce, ni kuwa har yau ban gaya mata ka rasu ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ustaz, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Ina yi wa matarka Hajja Amira da 'yarku Fatin ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu a garin da ba nasu ba. Ni zan je kotun in faɗi abin da na gani. Ƙanin wanda ake tuhuma ne ni, na san ba za a rubuta ba. Allah, Kai ma Ka gani.