Ƙananan Gyare-gyare

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a ofishin wani shirin raba irin shuka a Tanut. Ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya gare mu, lulluɓe da zane, ni kuma nake kula da ita. A Damagaram akwai wata, a hannun wani abokin karatuna da muka koyi aikin tare. Porgaram ɗaya muke amfani da shi wajen lissafa buhunan irin hatsi da kowane ƙauye zai samu, amma injunan biyu kowace da tsarin da ke tafiyar da ita. Abin da tasa ta karanta lafiya, tawa kan iya yin tuntuɓe a kai.

Saboda haka muka yi alkawari: duk wanda ya taɓa porgaram ɗin, ya rubuta a samansa abin da ya canza, da dalili, da injin da ya gwada a kai. Ni nakan rubuta har da inda nake shakka. Shi kuwa mutumin nawa gani yake wannan aikin magatakarda ne. Faifan disket mai ɗauke da porgaram ɗin zai iso cikin motar ofis, na buɗe, na tarar da kalma biyu da Faransanci: ƙananan gyare-gyare. Har yau in na ji wannan magana raina ɓaci yake.

Wata shekara, ana dab da damina, ya ga ya dace a rubuta sunayen garuruwa yadda Faransawa ke rubuta su. Sai ya ɗora wa harafin e na Belbeji ɗan karan nan da suke sawa a kai. Ya aiko mini disket ɗin da kalmominsa biyun nan da ya saba. Injinsa ta san harafin. Tawa ba ta san shi ba, ta tsallake duk layin da ta gan shi, ba ta ce uffan ba. Takarda ta fito tsaf, babu ƙauye ko ɗaya na yankin Belbeji. Shef, shugaban ofishinmu, bai yi mamaki ba, don dama ana raɗe-raɗin wani shirin ne zai ɗauki wancan ɓangaren. Aka loda motoci, aka nufi Gangara da sauran wurare.

Ni ɗan yankin Belbeji ne. Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ya riga ya cinye irinsa a bazarar nan, yana jiran namu. Ruwa ya sauka, gonarsa na kwance. Kafin a gano abin a aika da ragowar, lokacin shuka ya yi nisa.

Na kira Damagaram ta wayar ofis. Abokina ya saurara, ya ce ai laifin tsohuwar injinmu ne, shi gyara ya yi. Na ce masa layi ɗaya kawai nake nema: na sa wa sunaye alama, ban gwada a taku ba, ku duba. Da na ga wannan, da a ranar na kama kuskuren. Ya ce na cika son dogon rubutu.

Ranar kasuwa na tafi gida. Labari ya riga ni isa wajen mutanen garinmu: ɗansu ne ke zaune gaban injin, kuma su kaɗai aka manta. Na tarar da kawu yana ɗaure wa jakinsa kaya, zai bi masu tafiya kudu neman aikin ƙodago, mutumin da bai taɓa yi wa kowa noma ba. Na durƙusa na yi masa bayani. Na zana harafin a ƙasa da tsinke, na ɗora masa ɗan karan, na ce wannan ne ya jawo.

Ya daɗe yana kallon ƙasar. Na san bai yarda ba, ni ma da nake faɗa na ji yadda abin ke kama da raini.

"Ɗana," ya ce, "da cewa ka yi ka manta da mu, da na yafe maka. Amma ka zo da girmana kana zana mini ƙasa?"

Ya ja jakinsa ya fita. Ya dawo bayan girbi da ɗan abin da ya samo, muka ci gaba da gaisawa kamar kowa da kowa. Har ya koma ga Allah bai ƙara neman komai a hannuna ba, ko ashana.