Gilashin da na ɓoye wa rana

Har yau in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, ƙanena nake gani tsaye a bakin rudu.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba ya dawo Aliero daga karatun lantarki. Wani abokinsa da ke Turai ya aiko masa faifan gilashi mai shan hasken rana, da ƙaramar fanka. Mu kuwa a rudu muke ajiye albasa, rumfar kara da iska ke ratsawa, amma kafin damina rabi ya ruɓe. Ya shafe rudunmu da laka, ya bar kafa biyu, ya ɗora gilashin a kan rufi yana ba fanka wuta, tana kora iska ta ciki. In ta yi, abokin zai turo wasu, su buɗe shago a Jega.

A tasha direbobi na yi masa ba'a: "Injiniya, albasar taka har fifita aka yi mata? Mu da ke zufa fa?"

Sai aiki ya kai shi Maiyama na sati biyu. Ya ce, "Yaya, don Allah kar a taɓa abin ga."

Da azahar na dafa gilashin a kan rufi, ya ƙone mini hannu. A gidanmu abu mai daraja ba ya yini a rana, ko keke sai an ja shi inuwa. Na sauke shi, na naɗe da zane, na tura ƙarƙashin gado. Ban leƙa fankar ba. Ranar da zai dawo na tuna maganarsa, na mayar.

Ya tarar fanka na juyawa, albasa kuwa ta zama ruwa. Ya daɗe yana duba waya ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ta taɓa tsayawa?"

Na ce ban gani ba.

Ya rubuta wa abokinsa cewa zafin ƙasarmu ya fi ƙarfin na'urar. Ba a sake aiko komai ba. Ya tafi Legas gyaran rediyo, can Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa faɗa masa ba.

Yanzu irin gilashin nan ne ke jawo ruwa a fadamun Maiyama. Bara na fito da nasa tsakar gida, na haɗa wayar yadda na ga yana yi. Fankar ta yi ƙara kaɗan, ta soma juyawa. Na zauna cikin rana tare da ita har aka kira la'asar.